Yadda zaka riƙe aikin matasa a Legas alhali baka san me gobe zata kawo ba

Ranar Laraba 1 ga watan Yunin 2022 dokar hana acaba ta fara aiki gadan-gadan a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, kuma dama Laraba ranar ajinmu ce, wani ɗan shago muke haya a Agege inda muke koya wa samari karatu da lissafi da ɗan gyaran waya bayan la'asar. Agege bata cikin jerin amma yaranmu da yawa Ikeja suke shiga neman fasinja, to ranar cikin mutum ashirin da wani abu da ke rajista huɗu kacal suka zo, su ma ba karatu ya kawo su ba. Ɗaya an kama mashin ɗinsa, mashin ɗin kuma ba nasa bane, na wani Alhaji ne da yake kai wa balas kullum, ya zauna a benci ya haɗa kai da gwiwa yana ta cewa Malam me zan ce wa mai mashin. Darasin da na kwana ina shiryawa ko buɗe shi ban yi ba. Da watan Satumba ya kama aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu, wanda ya san Ikko ya san me hakan ke nufi, Mile 12 a Kosofe take, Idi-Araba kuma a Mushin, duk unguwannin 'yan Arewa ne, wato an zo har tsakar gidanmu.

Na kawo wannan ne saboda ƙannenmu da ke shigowa aikin matasa, ko na sa-kai ne a masallaci da islamiyya, ko kulob ɗin ƙwallo, ko wata ƙungiya ce ta ɗauke ka tana baka alawus. Kusan kowa yakan zo da tunanin in ya iya tsari komai zai tafi daidai, ni ma haka na zo. Amma aikin nan cikin rashin tabbas ake yin sa daga farko har ƙarshe, yaran ma sun fi mu sanin haka don su a ciki suke kwana suke tashi. Abin da ya rage maka kawai ka san abin da zaka kafe ya tsaya cak ko ana ha-maza-ha-mata, da abin da zaka sassauta wa igiya ya tafi yadda rana ta zo da shi.

Fara da kafe rana da wuri. Ka zaɓi rana ɗaya ko biyu a sati, da lokaci, da wajen zama, sannan ka zo ko mutum ɗaya ne ya zo, ko ba kowa. Yaron da aka tashe shi daga inda yake kwana, aka ƙwace masa abin sana'a, ogansa ya ce albashi sai wani watan, shi abin da ya fi buƙata daga gare ka shi ne ya san ranar Laraba bayan la'asar in ya biyo zai tarar da Malam a bakin shago. Kar ka ɗauki kwana biyar a sati don zumuɗin farko, zaka gaji ka fara fashi, gara kwana ɗaya da ba fashi. In dole ta kama bazaka samu zuwa ba ka sa wani ya buɗe ya zauna, kuma ka faɗa musu tun kafin ranar. Mu lokacin kullen korona da aka fara 30 ga Maris 2020 ba halin haɗuwa, sai muka mayar da lokacin ajin lokacin kira, ƙarfe huɗu da rabi ranar Laraba sai in ɗau waya in bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kuke, kun ci abinci, waye bashi da lafiya. Har yau akwai waɗanda wannan kiran suke tuna min, ba darasi ba.

Sai bakinka, a nan zan daɗe don a nan mafi yawanmu muke faɗuwa. Alkawari kaya ne, kuma a aikin nan mutum yakan ɗauki kayan da ba nasa ba ya ɗora wa kansa. Wata shekara wata ƙungiya ta zo mana da fom, aka ce duk wanda ya gama tirenin na wata uku za a ba shi kayan gyaran waya da ɗan jari, ni da bakina na tsaya gaban yara na ce ku dage wallahi kaya na nan zuwa. Suka dage, wasu har suka rage fita aiki, aka gama aka ɗau hotuna aka raba satifiket, kaya shiru, wata ɗaya wata biyu, daga baya aka ce mana kuɗin furojet ɗin ya ƙare. Su ƙungiyar yaran basu san ofishinsu ba, fuskata suka sani, akwai wanda ya yi wata shida in ya hango ni sai ya tsallaka titi, kuma yana da gaskiya. Irin wannan ba sai ƙaramar ƙungiya ba, ranar 20 ga Janairun 2025 da shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje, manyan ƙungiyoyi a Najeriya wayar gari suka yi aka ce su tsayar da aiki. To in su abin ya same su ina ga ni da kai.

Saboda haka ka koyi raba magana biyu a gaban yara, wadda ke hannunka da wadda ke hannun wani. Ta hannunka ka faɗe ta da ƙarfi, zan cike maka fom ɗin, zan raka ka ofishin ranar Litinin, duk abin da suka ce zan faɗa maka ko mai daɗi ko mara daɗi. Ta hannun wani kuwa ka faɗi sunan mai ita, su suka ce zasu bayar, ni ban ga kayan da idona ba, kar ka bar aikinka saboda wannan. Kuma don Allah mu daina ɓuya a bayan in sha Allahu, kalma ce mai girma, amma in ka faɗe ta kana nufin ban sani ba shi kuma yaron ya ji ta a matsayin an gama, to ka yaudare shi ko baka yi niyya ba. Ka ce ban sani ba tukunna, ba abin kunya bane, yara sun fi yarda da wanda ya taɓa ce musu ban sani ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka kira ka ƙarfe sha ɗaya na dare aka ce an kwashe yara a sumame ba ranar zaka fara tambayar ina ake samun lauya ba. Tun ana zaman lafiya ka ware sati biyu ka taka da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Ka je caji ofis ɗin unguwarku ka gabatar da kanka, in da hali ka tafi da wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawa ko limamin masallacinku, su san fuskarka a ranar da baka zo roƙon komai ba. Ka san cewa gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyin da ke kare marasa ƙarfi kyauta, wanda ake kira OPD, tun shekarar 2000 yake, ga kuma cibiyar sasanci ta Citizens' Mediation Centre da ke shiga rigimar mai gida da ɗan haya ko oga da yaronsa ba tare da an je kotu ba. In fyaɗe ne ko cin zarafi akwai cibiyar Mirabel a cikin asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, tun 2013 suke karɓar irin waɗannan kyauta, maza da mata, akwai kuma DSVA, hukumar jihar mai yaƙi da fyaɗe da cin zarafi a cikin gida. In taɓin hankali ne ko shaye-shayen da ya fi ƙarfin nasiha, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba. Lambar gaggawa 112 ko 767. Duk ka rubuta su a takarda ka manna a bangon wajen zamanku, kar ka bar su a waya kaɗai, waya tana mutuwa, ana kuma fizge ta a gosulo.

Ka haddace ɗan abin da doka ta ce, ba don ka je kana ɗaga murya a kanta ba, don dai kar a firgita ka. Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne a doka. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama, in ba laifi ne mai hukuncin kisa ba, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotu a tsakanin kilomita 40, kuma a Legas ina ne ba kotu a kusa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba a riƙe ƙani don yayansa ya gudu. Ni na sani kai ma ka sani abin da ke rubuce daban abin da ake yi daban, amma mutumin da ya shiga da sallama da ladabi, ya nuna ya san waɗannan, yana kuma rubuta suna da lokaci a littafi, ba a yi masa irin kallon da ake wa wanda ya shigo a ruɗe.

Kowane yaro ka buɗe masa shafi. Cikakken suna da laƙabin da aka san shi da shi a tasha, don in ka je neman sa da sunan yanka ba wanda zai gane, garinsu da unguwarsu, lambar mutum biyu, ɗaya a nan ɗaya a gida, da sunan shugaban 'yan garinsu, don kusan duk ɗan Arewa a Legas yana da inda 'yan garinsu ke taruwa, ko a Zangon Agege ko Obalende ko Ijora ko abatuwar Oko-Oba. Ka matsa musu su yi NIN da katin zama ɗan Legas na LASRRA tun ba a buƙata, don shirye-shirye irin na LSETF, asusun jihar na tallafa wa masu sana'a da aka kafa a 2016, sai da katin ake shiga, ranar da dama ta zo kuma ba ta jiran mai bin layi. Ka tambayi shekaru da kyau. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ce matashi daga 15 ne zuwa 29, amma duk wanda bai kai 18 ba yaro ne a dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da ta jihar Legas ta 2007, ko da gemu ya fara fito masa yana ciyar da kansa, kuma hukuncin abin da zaka yi da maganarsa ya bambanta. Littafin nan amana ne, ka kulle shi, kar ka ɗau hotonsa ka tura guruf.

Wajen tsara darasi ba sai na ja ba. Kowane zama ya tsaya da ƙafarsa, wanda ya zo yau kaɗai ya tafi da abu guda da zai amfane shi, yadda ake karanta alat ɗin banki don kar a cuce shi da na bogi, yadda ake rubuta yarjejeniya da mai mashin ko mai keke, yadda ake canza sikirin. Ka riƙe abu biyu a aljihu, na ranar da mutum talatin suka zo da na ranar da uku suka zo. Ka bi kalandar yaran ba taka ba, da yawansu 'yan ci-rani ne, damina na faɗuwa zasu hau tirela su tafi noma, babbar sallah ma gari yakan yi fayau, azumi kuma sai dai bayan tarawihi. Duk wanda ya sa bikin yaye ɗalibai a tsakiyar damina shi ya so. Ga ruwan Legas na Yuni da Yuli da kan shanye hanya cikin awa ɗaya.

Kuɗi kuma, ka ajiye ɗan tsaba a gefe wanda ba a taɓawa sai gaggawa, kuɗin mota zuwa asibiti, kuɗin kati, abincin wanda ke tsare. Farkon 2023 lokacin canjin kuɗi mun ga yadda mutum ke da kuɗi a akawun amma ya kasa fitar da naira dubu, masu POS na yanka, taransifa na maƙalewa. Bayan nan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun shekarar, kuɗin danfo ya tashi, yaran da ke zuwa daga nesa suka ɗauke ƙafa, dole muka raba ajin biyu wani abokin aikina ya riƙa bin su can. Asusun nan mutum biyu su san abin da ke ciki, a rubuta shiga da fita, don zargi ya fi talauci saurin kashe ƙungiya. Kuma kar ka saba musu da kuɗin aljihunka, ranar da babu zasu ɗauka ka canza ne.

Duk waɗannan masu sauƙi ne a kan wanda zan faɗa yanzu, wato ranar da yaro ya faɗa maka magana baka san me ke ƙarƙashinta ba. Wani dare muna zaune a teburin mai shayi kusa da layin dogo, ni da wani yaro ɗan wajen Sakkwato mai tura ruwa a kura, yaro ne mai barkwanci amma kwana biyu ya yi sanyi, an zuba masa shayi da burodin Agege ya bar shi har ya huce yana ta juya cokali. Can sai ya ce Malam, wai in mutum ya gaji da duniya laifi ne. Gabana ya faɗi. Abin da ya fara zuwa bakina wa'azi ne, in ce haramun ne, ka yi istigfari, kuma da na faɗa da ya ce to Malam ya yi dariya an wuce wajen, ni kuma in tafi gida ban san komai ba. Allah ya taimake ni na yi shiru, na ce gajiya kamar yaya, faɗa min. Ya ɗau lokaci kafin ya ce an aiko daga gida mahaifiyarsa ba lafiya, kuɗin da ya tara wata biyar ya ba wani ajiya mutumin ya gudu, kwana huɗu ba ya barci. Sai na tambaye shi kai tsaye, kana tunanin kashe kanka ne. Ya ce tunanin yana zuwa masa.

Ka riƙe wannan, tambaya kai tsaye bata sa wa mutum tunanin da babu shi, masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da haka, sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji an samu wanda bai tsorata da maganar ba. In ya ce eh ka tambaya ko ya tanadi wani abu, in akwai a raba shi da shi, kar a bar shi ya kwana shi kaɗai, a nemo wanda ya yarda da shi, gobe da safe kuma a kai shi ga likita. Daren nan a ɗakin wani ɗan garinsu ya kwana, na ce masa Baba ga ɗanka, kar ka bari ya fita shi kaɗai, dattijon ya ce Malam je ka kwanta, ai nawa ne. Addu'a da nasiha sun zo daga baya kuma sun yi amfani, amma bayan an saurare shi.

Daga nan na ɗauki wata ƙa'ida. In baka san me zaka yi ba ka tambayi kanka abu ɗaya, akwai rai a cikin haɗari yanzu, ko ana cutar da wanda bai kai 18 ba? In eh ne babu jira, ka motsa a daren, ko da daga baya ya zama ka yi gaggawa. In a'a ne to kana da lokaci, ka ce ba ni zuwa gobe in yi tunani in yi shawara, mafi yawan kurakuran da na gani a aikin nan daga amsar nan-take suka fito, yaro ya ce ogana ya cuce ni ka tashi a fusace ka je ka yi faɗa, ashe labarin rabi ka ji, ka jawo an kore shi. Maganar sirri ma ka gyara ta tun farko, kar ka taɓa cewa duk abin da ka faɗa min ba mai ji. Ka ce maganarka tana wajena, sai dai in ranka ko na wani na cikin haɗari, nan dole in nemi taimako, kuma kai zan fara faɗa wa kafin kowa.

Shaye-shaye shi ne inda rashin tabbas ya fi cin rai. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, a shekarar ne kuma gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, amma wanda ke zama da yara ya san in an toshe nan can take ɓullewa, yau taramol gobe wata sabuwa da ko sunanta baka taɓa ji ba. Da yawansu ba don nishaɗi suka fara ba, don jiki ya ɗauki dako ko tuƙin awa goma sha biyu ne. Yaro zai daina wata uku ka yi ta murna har ka ba da labarinsa a mitin, sai ka gan shi ido ya juye. Komawa ruwa yana cikin ciwon, ba wai ya raina ka bane. Kar ka kore shi daga zama, amma ka kafa iyaka, ba a shigowa a buge, in ka zo a haka ka zauna waje in kawo maka ruwa, gobe mu yi magana. Kuma ka canza ma'auni, wanda da kullum ne yanzu sai sati-sati ya matsa, wanda ya zo da kansa ya ce Malam na koma shi ma ya matsa, don da ɓoyewa yake yi.

Sai ranar da gari ya ɗau zafi. Waɗanda suka ga rikicin Mile 12 na watan Maris 2016 da aka rufe kasuwa, ko kwanakin dokar hana fita na Oktoban 2020 lokacin zanga-zangar EndSARS, sun san yadda saƙon murya ɗaya a WhatsApp ke tayar da unguwa, ana kashe 'yan Arewa a wuri kaza ku fito, wani lokacin gaskiya ne wani lokacin tsohon bidiyo ne daga wata ƙasa ma. A irin wannan ranar yara kai zasu kira, kuma kai ma baka sani ba. Kar ka tura komai gaba, kar kuma ka ce ƙarya ne alhali baka bincika ba. Ka kira mutum biyu da ke wajen da ƙafarsu, waɗanda basu san juna ba, ka tambaye su me ka gani da idonka, ba me ka ji ba. Kafin amsa ta zo saƙonka ga yara ɗaya ne, kowa ya tsaya inda yake, a ajiye mashin, kar a taru, zan sake magana nan da rabin awa, kuma in rabin awar ta cika ka yi maganar ko baka samu sabon labari ba. Abin da ya fi taimakonmu a irin wannan shi ne Yarbawan da muka saba da su tun da, baale wato mai unguwarsu, shugaban ƙungiyar masu gidaje, limaminsu, matasan da muke buga ƙwallo da su. In baka taɓa zuwa sunan ɗansu ko jana'izarsu ba, ranar tashin hankali da wace fuska zaka kira su. Ka koyi gaisuwa da yarensu ko kaɗan ce, ka rusuna wa manyansu yadda suke so, yana buɗe ƙofa sosai.

'Yan mata kuwa, masu talla da 'yan aikatau da aka kawo daga ƙauye, gaskiya namiji shi kaɗai bazai iya ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ka nemi malamar islamiyya ko wata Hajiya da ake jin maganarta ku yi aikin tare, kai kuma kar ka keɓe da yarinya a ɗaki ko da niyyarka fara ce tas, ƙofa a buɗe, mutum na uku a kusa. Da yara maza ƙanana ma haka.

Kai kanka fa. Akwai daren da zaka kwanta kana juyi, shin da na yi kaza da bai tafi ba, shin ni na sa, kuma ba wanda zai baka amsa. Abin da ke rage min nauyi littafi ne, bayan kowane zama minti goma, me ya faru, me na yi, me ya sa na yi hakan, me ban gane ba. Bayan wata shida in ka waiwaya zaka ga abubuwan da suka hana ka barci rabinsu sun warware da kansu, zaka kuma ga kuskuren da kake maimaitawa. Sannan ka samu mutum ɗaya da ya riga ka a aikin ku riƙa zama ko sau biyu a wata, ka ba shi labari ba tare da sunan yaro ba, ya tambaye ka tambayoyin da kai bazaka yi wa kanka ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka sa lokacin da kake ajiye waya, yara su san bayan goma na dare sai abin da ya shafi rai ko kamu, ku raba kwana da abokin aikinka. Ka riƙe sana'arka, wanda cikinsa ya dogara da alawus ɗin furojet kullum cikin fargaba yake kuma yara suna gani a fuskarsa. Iyalinka ma suna da haƙƙi. Tawakkali kuma a wajensa yake, bayan ka ɗaure raƙuminka, ka yi abin da ke hannunka ka rubuta ka yi shawara, sauran ka miƙa wa mai shi, shiriya ba a hannunmu take ba.

Wani lokacin kuma yaro zai ɓace kawai, waya a kashe. Ka bi a hankali, tashar da yake aiki, inda yake kwana, shugaban 'yan garinsu, lambar gida, in duk shiru sai caji ofis na kusa da inda aka gan shi na ƙarshe, sai asibitin gwamnati, in an ce an kai su kotu ka nemi lauyoyin OPD su duba maka ko yana gidan yarin Ikoyi ko na Kirikiri. Yawanci zaka tarar gida ya tafi ba sallama, ko ya koma Ibadan ko Fatakwal neman wani aikin. Yaron nan da aka kama wa mashin ranar 1 ga Yuni, mun je da wani dattijo mun zauna da Alhajin aka yafe masa rabi aka ce ya biya sauran a hankali, ya fara dako a kasuwa yana biya, wata na huɗu sai na daina ganin sa. Na bi duk inda na lissafa ɗin nan, a gida suka ce ya kira sau ɗaya da baƙuwar lamba ya ce yana lafiya, bai faɗi inda yake ba. Shafinsa yana nan a littafin ban yage ba, duk bayan sallah nakan kira yayansa in tambaya.